Sandar Gurmin Tanko

Ni fa tun ina yaro matsoraci ne, ba na ɓoyewa. Kakata Iya Dije ta san da haka, shi ya sa in ta zauna bakin murhu bayan sallar isha, lokacin sanyi, tana juya mana gyaɗa a cikin toka, ni take fara tsokana. Angona take ce mini, irin wasan kaka da jika. Takan ce, "Ga ta nan ga ta nanku, angona ya matso kusa kafin ya jiƙa mini tabarma." Sauran jikoki su kwashe da dariya, ni kuwa in matsa ɗin, don gaskiya ta faɗa.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta, amma ta Tanko mai gurmi ta ƙi fita daga kaina. Wai Tanko ya gaji gurmi daga ubansa, uban ma gadonsa ya yi, har sandar ta yi baƙi ta yi santsi don shan hannu. Wata rana zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sandar, wanda ake turawa sama ko ƙasa a daidaita sauti, ya tsufa ya tsinke. Tanko ya je kasuwa, wata tsohuwa da ba wanda ya san garinsu ta sayar masa da sabon zobe, ja wur, gwanin kyau. Da ya zo gida zoben ya ƙi shiga, ya yi wa sandar kaɗan. Maimakon ya jiƙa fatar ya buɗa ta a hankali, sai ya ɗauko wuƙa ya fere sandar ubansa.

A nan Iya Dije takan rage murya, ta kawar da itace ɗaya daga wuta don hasken ya ragu. Wallahi da gangan take yi, muguwar tsohuwa, Allah ya jiƙanta. Ta ce da gari ya waye sai Tanko ya ga yatsunsa sun ɗan rame. Ya duba gurmi, zoben ya ƙara tsukewa ya zame daga sandar. Ya sake ferewa. Washegari yatsun suka ƙara sirancewa. Kullum zobe na tsukewa, kullum yana fira, har yatsunsa suka koma kamar tsinken tsintsiya, ko loma ba ya iya ɗauka. Ranar da sandar ta karye, sai aka ji muryar ubansa daga cikin ƙoƙon gurmin.

"Tanko, baƙo ake yi wa gyara ya shiga gida. Ba a rushe gida don baƙo."

Sai ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, kowa ya duba yatsunsa." Mu kuwa mu miƙa hannuwa gaban wuta muna dubawa. Ni har da safe nakan sake dubawa, in gwada da na ƙanwata.

Yau shekaruna sun haura arba'in, ina aikin kafinta a wani shagon gyaran kayan katako a unguwar Ras Al Khor da ke Dubai, ina kwana a unguwar Muhaisnah. Bara wata Baturiya, malamar makaranta, ta kawo mana banjo na mahaifinta da ya rasu. Molon Turawa ne, mai fata a fuska kamar ganga. A kansa akwai 'yan ƙarafa da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, kowane da maɓalli a bakinsa inda yatsa ke kamawa. Maɓallan sun tsufa sun farfashe, ta yi odar sababbi, ta ce a sa mata kafin la'asar don da daddare za ta tashi zuwa ƙasarsu, za ta kaɗa shi a taron tunawa da uban.

Na kwance sukurori na cire tsofaffin. Da na gwada sababbin, sai suka ƙi shiga, ramin ya yi wa ƙarfen kaɗan. Maigidana, wani dattijo mai saurin fushi wanda bizata ke hannunsa, ya leƙo ya ce yalla, wato maza, in kai ƙarafan kan injin wasa in rage su, minti biyu khalas, an gama. Na san in aka rage su, shi ke nan, irin waɗannan tsofaffin ƙarafa ba a samunsu a garin nan, kuma in hannu ya zarce maɓalli zai riƙa juyawa a banza, tsirkiya ba za ta ƙara ɗauruwa ba. Amma na san halin maigidan. Sati biyu kafin nan ya sallami wani a kan gardama.

Na ɗauki ƙarfen na nufi injin. Ina kunna shi sai idona ya faɗa kan yatsuna. Ƙato da ni, da gemu, a tsakiyar Dubai, rana tsaka, tsoron Tanko ya kama ni. Na kashe injin na dawo benci, na ɗauko ƙaramin magagari na fara buɗa ramin maɓallin a hankali, in goga in gwada, in goga in gwada. Zufa na ɗiga a kan bencin. Maɓalli na farko ya tsage a hannuna, na ji kamar in nutse. Allah ya taimake ni akwai guda ɗaya na rara a cikin ledar da suka zo, daga nan kuwa ba sauran kuskure. Maigida ya zo ya tsaya a kaina yana faɗa da harsuna uku, ban ɗaga kai ba, don in na ɗaga zan yi abin da ya ce.

La'asar ta wuce ban gama ba. Matar ta zo ta zauna a kan wani akwati tana duba agogo. Da na ɗaure sukuru na ƙarshe, ba da ƙarfi ba don kada ya fasa maɓallin, ta karɓa ta murɗa, tsirkiya ta tashi ta tsaya cak. Ta kaɗa kaɗan, sai hawaye. Maigida bai ce sannu ba, bai kuma kore ni ba. Kwana uku ya yi ba ya amsa gaisuwata.

A bas ɗin komawa Muhaisnah na yi ta tunanin Iya Dije. Da ina yaro na ɗauka tsorata mu kawai take yi don mu daina fere mata muciya da wuƙa. Yanzu da na zama baƙo a ƙasar mutane, ni ake gogewa kullum don in shiga, kuma na yarda, haka baƙunta take. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zan fara fere abin da na gada don sabon wuri ya karɓe ni, in daina yi wa 'ya'yana Hausa a waya, ko in ji kunyar sunan ƙauyenmu. Har yau in na idar da sallar asuba, kafin in shafa addu'a, sai na ɗan tsaya na duba yatsuna.