Awannin da Ba a Rubuta wa Tasallah Ba

Shekara goma sha tara Tasallah Zakiru ta yi tana aikin jinya a wani babban asibiti a Madina, a sashen wankin ƙoda. A Ranuna aka haife ta, kusa da Ƙuba, a gidan da kakanta ya gina bayan ya zo hajji daga Katsina bai koma ba. 'Yar ƙasa ce da takardunta, Larabcinta irin na kowa. Sai dai Hausarta ba ta zube kamar ta ƙannenta ba, waɗanda in ka ce musu ina kwana sai su amsa maka da Larabci. Wannan Hausar kuwa ita ta ja mata.

Tun watanta na farko aka gano ta. Duk alhajin da aka kawo daga Kano ko Damagaram yana nishi yana nuna ciki, likita na kallonsa shi ma yana kallon likita, sai a ɗaga waya a ce a turo Tasallah. Ta bar wa wata injinta, ta sauka da gudu. Ba fassara kaɗai take yi ba. Ita ke tono cewa tsoho ya ajiye maganin hawan jininsa tun a Makka. Ita ke lallashin gyatuma har ta miƙa hannu a yi mata ƙarin ruwa. Asibiti mai hawa takwas, mai injunan da ko sunansu wuyar faɗa gare shi, bai taɓa ganin dacewar ɗaukar tafinta ko guda ba. Don me zai ɗauka, ga baiwar Allah a sama ba ta cewa a'a?

Ita kuma ba ta taɓa neman a rubuta mata ba, don a gidansu ba a haka. Mahaifiyarta, Inna Ƙaltume, tun suna yara take nanata musu cewa alhaji baƙon Manzon Allah ne, hidimarsa ba a ƙirga ta, ba a kuma yayata ta. Da wannan tarbiyya Tasallah ta shiga aiki, a wurin da abin da ba ya cikin na'ura bai faru ba.

Tana da shekara arba'in da biyu ta gama digiri na biyu, ga aiki ga 'ya'ya uku. Sannan ta nemi gurbin digirin digirgir a aikin jinya, abin da ta daɗe tana so har tana jin kunyar faɗarsa. Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Makin da ake nema tana da shi. Jarrabawar Turanci sau biyu ta kayar da ita kafin ta haye. Ta samo wasiƙun shaida uku, ta yi zarya har ta karɓi amincewar wurin aiki. Saura ɗaya: awa ɗari biyar na aiki bayan digiri na biyu, a sashenta, a ƙarƙashin mai kula, kowace rana da sa hannu. Wannan ko tunaninsa ba ta yi ba, ita da ƙafarta ke kumbura don tsayuwa.

Da aka bugo mata takardar awanninta, awa ɗari uku da goma ta gani. Ashe duk ranar da aka kira ta ƙasa, ko na minti ashirin ne, na'ura na rubuta mata "waje da sashe" ta soke yinin gaba ɗaya.

Ta nufi ofishin shugabar sashe, Sundus, yarinyar da ita Tasallah ta koya wa neman jijiya.

"Abla Tasallah, wallahi ba ni ba ce," in ji Sundus. "Nizam ne, tsarin na'ura. Ya'ani, tarjama ba ta cikin aikin sashe."

"Nizam? Wa yake tura ni? Ƙafata ce take kai kanta?"

"Ai da kin ce a rubuta tun lokacin."

Wannan kalma ta fi komai ƙona mata rai. Shekara sha tara ana morar ta, yau kuma laifinta ne da ta yi kawaici. Ta fito, ko sallama ba ta yi ba.

Mako biyar ya rage a rufe karɓar takardu, kuma daidai lokacin alhazai sun cika gari. Ta lissafa: sai ta yi yini ashirin da huɗu cur ba tare da ta taka ƙofar sashe ba. Ta rubuta wa hukumar asibiti har sau biyu, ko su ɗauki tafinta na makonnin nan, ko su lissafa mata awannin. Ko uffan ba su ce ba. Sai ta rantse ba za ta ƙara sauka ba. Waya ta yi ta kuka, tana ɗagawa tana cewa, "Halas, na daina, ina kan aikina." Wasu suka ce ta yi girman kai tun ba ta zama daktora ba. Ta toshe kunnenta, tana haɗiyar abin kamar magani mai ɗaci, har ta cika awanninta saura kwana ɗaya.

Aka kira ta ganawa, ta yi, aka ɗauke ta. Ranar da saƙon ya iso ta buga shi a takarda, ta wuce Ranuna bayan la'asar. Ta tarar da Inna Ƙaltume a tsakar gida tana zaɓar dabino a faranti.

"Inna, sun karɓe ni."

Tsohuwar ba ta miƙa hannu ba. Ta ce matan da ke sayar wa alhazai abinci sun kawo mata labari. Wata tsohuwa daga Maraɗi, mai ciwon suga, ta yi ta faɗa musu a asibiti ba ta jin yatsunta, suka ɗauka gajiyar tafiya take kuka da ita. Da aka farga, sai da aka yanke ƙafar ƙasan gwiwa.

Tasallah ta tuna kiran. Sau biyu aka yi shi, ranar Talata. Zuciyarta ta tafasa, ta ɗaga wa uwarta murya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni ce mustashfa, Inna? Ni ce asibitin? Ni na ƙi ɗaukar tafinta? Na rubuta musu har sau biyu! Shekara sha tara ina sauka, wa ya ce sannu?"

"Na sani, 'yata. Su ne azzalumai, Allah kuma yana ganinsu." Inna Ƙaltume ta ture farantin gefe. "Amma ita matar ba ta san wata hukuma ba. Ce mata aka yi akwai 'yar Hausa a sama, yanzu za ta zo. Kwana uku tana kallon ƙofa."