Inda Sawun Keken Yaya Laminu Ke Yankewa

Kakar bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Laminu, wanda aka sara a hanyar Dakoro saboda keke. Ni ce autar gidanmu, Hadiza. Lokacin ina yarinya mai zuwa rijiya da ɗan bokiti, yau ga ni da ɗiya uku. Na farin sunansa aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Kawu. Karatuna bai yi nisa ba, mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Abin ne ya cika mini ciki, na ce bari in zubo shi inda mutane za su gani.

Ƙauyenmu yana wajen Mai Yara, ƙasar rairayi ce, inda ko ƙadangare ya gitta sai ya bar labarinsa a ƙasa. Yaya Laminu cuku yake saye wurin makiyaya, ya ɗaure a bayan keke ya kai kasuwar Dakoro. Kafin ya fita sai ya rage wa tayoyin iska kaɗan, wai don kada rairayi ya haɗiye su. Wata rana kututturen gero ya yaga masa tayar baya, ya ɗinke ta da tsirin fata. Tun daga ranar sawun kekensa ya fita daban: zare ne dogo, kowane juyi da ɗan ƙulli, kamar carbi aka shimfiɗa a kan hanya.

Ni kuwa aikina ke nan da safe, bin wannan zare. Kuma zaren ba ya tafiya a miƙe har ƙarshe. Sai ka ga ya yi sama-sama, ga sawun ƙafa biyu a gefensa, sun yi 'yar tafiya, sannan ƙafafun su ɓace, zaren ya koma zurfinsa. Dalili, Yaya bai taɓa wuce babba yana bisa keke ba. Tsoho ne, tsohuwa ce mai kayan itace, ya san shi, bai san shi ba, sai ya sauka, ya tura keken, ya gaisa, ya bar mutum a baya, sannan ya hau. Daga ƙasa nake sanin wa ya haɗu da shi. In sawun ya yi zurfi, dugadugai sun juya, to an daɗe ana tambayar gida da dabbobi.

Abokansa ba su bar shi ya huta ba. "Laminu, kai ke hawan keken ga ko shi ke hawanka? Da jakin Inna ka ɗauka da tuni ka isa." Sai ya yi dariya ya ce, "Kasuwa ba ta watsewa don na gaida tsoho."

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwa ce bayan an gama yankan gero. Yana dawowa, rana ma ba ta yi sanyi ba. A wani kwari tsakanin tuddai biyu akwai itacen aduwa, a gindinsa ya ga mutum zaune, ya rufe fuska da rawani, ya sunkuya a kan sanda. Yaya ya sauka. Yana cikin sallama wani ya fito daga bayan sabara, shi ma na zaunen ya miƙe tsaye garau. Yaya ya riƙe keken, ya ƙi saki, suka sare shi a kafaɗa da wuya. Wani mai amalanke ya tsince shi ya kai shi gidan likita a Dakoro. Ya kai washegari da ransa, har ya yi mana magana.

Ina tsaye bakin ƙofa na ji Inna tana tambayarsa, "Don mi ka sauka, Laminu?"

Ya ce, "Inna, tsoho na gani."

"Ba tsoho ba ne, ɗana."

Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "To da tsohon ne fa?"

Maza sun bi sawu, har da makiyayan da ke sayar masa da cuku, mutanen da za su dubi ƙasa su gaya maka raƙumar da ta wuce tana da ciki. Amma ɓarayin a kafaɗa suka ɗauki keken har suka kai fako, inda ƙasa ba ta riƙe komai. Jandarmomi sun zo sun duba sun tafi. Ba a ga keken ba, ba a ga mutanen ba. Ni na saci jiki na je wurin kafin iska ta share. Zaren ya taho lafiya lau da ƙulle-ƙullensa, ya yi sama-sama, ga ƙafa biyu a gefe kamar kullum. Gaba da nan babu komai.

Kakarmu, Allah ya ji ƙanta, ta ce a zamanin kakanninta ma an yi mahara, masu kore raƙuma da shanu da rana tsaka. Amma su da fuskarsu suke zuwa, ka gan su ka gudu ko ka tsaya. Ta ce wanda ya ari tsufa ya yi sata da shi, ba keke kaɗai ya ɗauke ba, ya ɗauke wa tsofaffin ƙasar nan gaisuwarsu. Lokacin ban gane ba.

Har yanzu ina mafarkin zaren nan. Ina ganinsa ya haye kwarin, ya yi arewa wajen Tagriss, yana hawa tudu yana sauka, ni kuma ina biye da bokitina a ka, ban gaji ba, ruwan bai zube ba. Can gaba ina jin ƙararrawa, kamar a bayan tudu na gaba take. In na hau tudun sai in ji ta a bayan wani. A mafarkin ba na tsoro. Sai na farka tsoron ke dawowa ya zauna gefen tabarma.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo Dakoro ta yau, me zai ce? Moto, wato babur, ta cika gari, 'yan kabu-kabu na yawo kamar fara, gaisuwa ta koma ɗaga hannu ana gudu. Mai keke ya zama marayan hanya, babbar mota ta taho sai ya faɗa rairayi ya ba ta wuri. Ɓarayi ma sun ci gaba, yanzu moto suke nema, amma dabarar ba ta tsufa ba: a kwanta a hanya kamar marar lafiya, a jira mai tausayi. Ranar kasuwa nakan ga masu keke na jiran juna a bakin gari don su koma ƙauye a ayari. Nakan ce a raina, da ana haka a lokacinsa. Ina jin zai yaba wannan. Amma na san zai dubi yaran da ke wuce furfura a guje ya tambaya, "Ɗiyan wa ne waɗanga?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, ɗaya daga cikin yaran nan nawa ne. Aure ya kawo ni gefen Dakoro, lakkwal kuma, wato makarantar boko, da nisa daga unguwarmu. Da aka koma karatu sai baban Kawu ya shigo da wani tsohon keke ya ce na yaron ne. Ranar tuwo bai wuce mini ba. Ya ce, "Hadiza, ajali ba bisa sirdi yake zaune ba." Gaskiyarsa, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na kira Kawu na kafa masa doka. In an kama keken, saki, ka ruga, ƙarfe ne. Kuma kada ka sauka wa kowa, ko da furfurarsa ta kai gwiwa.

Ya bi maganata, har wata safiya da zan je niƙa. A kan hanyar akwai Baba Nomau, tsohon da ke tufkar igiya a gindin itacen bedi. Ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, ke da kike unguwar ga, ɗan wa ne wanga da ke wuce ni kullum kamar guguwa? Ba shi da uwa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce nawa ne, Baba, ni na hana shi. Na gaya masa dalili. Ya ajiye igiyar, ya daɗe yana dubana.

"Laminu mai cuku? Ke ƙanwarsa ce? Yaron da ya sha sauko mini tun ina da ƙarfin da zan tura masa keken." Ya share ido da bakin riga. "Ce ma ɗanki shi buga mini ƙararrawa in zai wuce. Sauran na yafe."

Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Mama, ai Baba Nomau ba ɓarawo ba ne. Haƙoransa ma biyu."

Na ce, "Kawunka ma tsoho ya gani. Ƙararrawa aka ce."

Washegari bayan ya fita, na tsinci kaina ina bin sawunsa, kai a ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Tayarsa ba ta da ƙullin fata, zare ne sumul. Na bi shi ya wuce masallaci, ya kauce wa kashin shanu, ya yi 'yar karkata inda yaro ya waiga kallon wani abu. Da ya kai gindin bedi sai ya yi sama-sama. Ga ƙananan takalman roba biyu a gefensa, sun yi 'yar tafiya, dugadugai sun juya wajen tsohon. Na tsuguna na ɗora hannu a kan sawun. Ban san lokacin da na ɗauka a haka ba. Baba Nomau tufkarsa kawai yake yi.

Ban yi wa yaron faɗa ba, ban kuma yaba masa ba. Da ya dawo na ce masa magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Cikin gari, wanda ka sani, sauka. In gidaje suka ƙare, yi sallama daga bisa sirdi, ƙafa kada ta taɓa ƙasa. Ko wannan ya isa ya tsare shi, ban sani ba. Har yanzu ba na samun natsuwa sai na ji ƙararrawarsa a ƙofar gida. Abin da nake roƙo wurin iyayenmu masu furfura shi ne, in yaro ya wuce ku a daji bai sauka ba, kada ku zagi uwarsa. Wataƙila ita ma ta taɓa tsayawa gindin wata aduwa.

Yaya Laminu bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, keken ma bai bar mana ba. Na daɗe ina zaton abin da ya bari a rairayi ya bar shi, iska ta tafi da shi tun ranar. Ashe 'yar saukar nan ce gadonsa, kuma ta sami magajin da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Kafin azahar iska takan share sawun gindin bedin nan. Gobe da safe in na je, yana nan.