Kawu Alu da Ɗan Kamashon Kwamfuta

Kawu Alu mai gyaran kwamfuta ya rasu ran Talata a Tambuwal. Ciwon suga ne, ba bindiga ba. Na yi mamaki.

Kun san shi. Ba ya buɗe kwamfuta sai ya yi mata sallama. In ta ƙi tashi, ya ce ba a yi mata tarbiyya ba. Shekara shida ina ɗaukarsa a kabu-kabuna, bai taɓa yarda na kashe mashin a gangara ba, wai abin da aka fara ba a katse shi.

Ni ban yi boko ba. Shi ya gaya mini akwai ɗan kamasho cikin kowace kwamfuta, mai karɓo sabbin kaya yana jera su. In wuta ta ɗauke yana tsakar lodi, sai ya kulle ƙofa ya yi fushi, komai ya tsaya. Haka ya faru da ta wani ƙaramin asibiti wajen Fakku, mai sunayen yaran rigakafi.

Muka je da hantsi. Babu sabis a garin, sai kan wani tudu cikin gonar dawa. Lokacin ba mai son wannan hanya. Na ce mu ɗauki kwamfutar mu tafi Kebbe. Ya ce marar lafiya ba ya son jijjiga. Muka hau tudun da ita, ya zauna, ya haɗa ta da wayarsa, ya yi rubuce-rubucensa, wai ya cire kwaɗon, ɗan kamasho ya koma lodi.

Sai na ji ƙarar wasu mashina. Da yawa, kuma ba na kasuwa ba. Na san ƙarar, ita ta raba ni da ƙauyenmu. Na kwantar da mashin cikin dawa, na ce mu gudu.

"Ɗan nan, lodi ya kai rabi. In na katse shi yanzu, wa ka gyara ta?"

Na danne shi ƙasa. Muka kwanta rub da ciki. Suka bi ta ƙasan tudu, bibbiyu, bindiga a kafaɗa. Da na juyo, sai ga hannun Kawu a sama tsakanin karan dawa, riƙe da waya, kada sabis ya yanke. Fuskarsa na cikin ƙasa, amma bai sauke hannun ba.

Da suka yi nisa, ya tofar da ƙasa, ya leƙa allon.

"Ta gama. Amma ka taka min caja."

Wata biyu ban yi masa magana ba. Shi ko bai lura ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya fi gonar nan kwanciyar hankali. Ni na sayar da mashin. Ina Tambuwal, ina gadin wani shago.