Tamimu da Katin Memorin Mma

Duk wanda ya san Tamimu a unguwar Concourse Village da ke Bronx ya san ba a bar masa abu mai batir a hannu. Tun yana yaro a Zongon Kumasi yake farke rediyoyin mutane, wata ta tashi, wata kuma sai dai mai ita ya yi haƙuri. Ya zo New York ya kama tuƙin tasi, ya yi aure, ya ajiye tumbi, amma hannun nan bai tuba ba.

A 2012 mahaifiyarsa, Mma Safiatu, ta zo ganin jika. Ba ta rufa wata ba ta fara zancen komawa. Shi yana kan titi, matarsa Tahiratu tana wurin aikin kula da tsofaffi, daga tsohuwa sai jariri sai bango. Hankalin Tamimu ya tashi, don ya daɗe rabonsa da ita, kuma har ga Allah ba ya son ta tafi.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya sayo 'yar na'urar karanta littattafai mai araha, wadda ba ta san komai ba sai Turanci. Ya zauna gaban kwamfuta ya kwafe babbar manhajar da ke tafiyar da wayoyin zamani, ya ɗora ta kan katin memori da bai kai farce ba. Ya zura kati ya kunna, sai ga na'ura ta farka da sabon hankali, ga wa'azi da Hausa, ga kiran bidiyo har Kumasi.

"Mma, kin ga ɗan katin nan? Shi ne ran abin. Ki kula da shi."

"To," in ji ta.

Abu ya yi ta aiki, Tamimu yana ta cika baki a masallaci. Wata rana ya dawo ya tarar na'ura ta koma Turancinta, kati ya yi ɓatan dabo. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya zazzage shara, har bakin jariri sai da ya duba. Ya haƙura ya sayo wani, ya zauna kusa da ita yana kwafa, aikin kuwa da cin lokaci, ita tana ba shi labarin wa ya rasu, wa ya haihu. Aka kwana biyu, wannan ma ya bi sahu. Haka aka yi ta yi, har mai shago ya riƙa miƙo masa kati tun bai buɗe baki ba. Tahiratu ta ce ko aljanun Bronx ne suka shiga boko.

Ran wata Asabar Tahiratu ta kwashi wanki, ta ji ƙulli a bakin zanen surukarta, inda tsofaffi ke ɗaure goro. Ta kwance, sai ga katunan Tamimu reras.

Tamimu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Mma, ai a cikin na'urar yake aiki, ba a zane ba."

Tsohuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai wannan, ni ka mayar sakarai? Na farkon dai tsoron ɓata na ji na ƙulle. Daga nan na lura, in abin yana aiki, leƙowa kake ka ce sannu Mma, ka wuce ka kwanta. In ya mutu, sai ka zauna. Mutanen Kumasi da kake nuna mini a gilashi, ai can na baro su. Ba su na hau jirgi in gani ba."

Tamimu ya bar dariya. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido. Ya tattara katunan ya miƙa mata, ya buga waya ya ce wani ya karɓi tasi yau, sannan ya jawo kujera.

"To Mma, yanzu kin fasa tafiyar?"

"Zauna tukuna," in ji ta, "in ga irin zamanka."