Makullin Ɗakin Mai

Ba ni da yawan magana, duk unguwarmu a Birnin Gwari an san haka. Ko 'ya'yana in sun yi laifi, kallo ne kawai tsakanina da su. Amma akwai abu ɗaya da har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta shi yadda ya faru.

Bayan an gama yaƙin basasa, maigidana da yayansa suka haɗa hannu suka sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Yaya ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye, bai iya tuƙi ba kuma bai taɓa sha'awar koya ba. Maigida ne direba. Shi yake shiga daji da ita ranakun kasuwa, yau Kutemeshi, jibi Damari, ya kai 'yan koli da masu gishiri, ya dawo da buhunan dawa da doya. Hanyar da manyan motoci ke tsoro da damina, ita takan bi ta a hankali, tana tari kamar tsohuwa, amma ta fita.

A dajin nan babu inda ake sayar da fetur. Saboda haka duro guda ake sayowa a ajiye a wani ɗan ɗaki da ke bayan gida, nesa da murhu. Makullin ɗakin nan ni aka ba, a ƙulle yake a bakin zanena. Kullum da safe ni nake buɗewa, in zura tiyo, in cika garwa, maigida ya ɗauka ya juye a tanki da mazurari. Allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun kafin motar ta zo hannunmu, don haka maigida ya sami wata sanda siririya ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. In ya tsoma ta a tanki, mai ya jiƙa ta har tsagar ƙasa, to, ya isa zuwa Kutemeshi da dawowa. In ya kai tsagar sama, Damari ke nan. Sandar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ni kuma shekara da shekaru ina riƙe da makullin, ba wanda ya taɓa tambayata ko na zubar da ɗigo.

Sai wani bakanike ya zo daga Kaduna ya buɗe gareji a bakin tasha. Yana da wani inji da ya ciro daga wata babbar motar alfarma da ta yi haɗari a hanyar Kaduna, mai fulogi shida, alhali namu huɗu gare shi. Ya kama Yaya da daɗin baki. Ina jin su ta bayan zana ranar da suka zo zaure.

"Alhaji, injinku yaro ne aka ɗora wa kayan babba," in ji bakaniken. "Shi ya sa yake nishi yana shan mai. Ka taɓa ganin ƙaton sa ya sha wuya da garma? Wannan in aka sa muku, kurɓa kawai zai riƙa yi."

Maigida ya ce, "Na yanzun ma dai bai gaza ba, Yaya."

"Kai ka saba da wahala ne," in ji Yaya. "A sa."

Aka sa. Sai da aka yanke wani ƙarfe a gaba kafin ya shiga, bonet ɗin ma, wato murfin inji, bai ƙara rufuwa daidai ba, da igiya ake ɗaure shi. Amma ƙara kam, sai wanda ya ji. In maigida ya tayar da ita a ƙofar gida, kaji sukan watse har makwabta. Yaya ya riƙa zama a gaba ana zagaya gari da shi, hannunsa a waje yana gaishe da mutanen da jiya ma sun gaisa. Maigida shi ma, in faɗi gaskiya, kansa ya kumbura. A tasha ya yi ta faɗin cewa yanzu hawan dutse kamar gangara ne a wurinsa.

Ba a jima ba sai ya fara ce mini da safe, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙaro rabin garwa." Washegari ma haka. Na ƙaro, ban tambaya ba. Duron da yake kai mu tsawon lokaci sai ga shi yana amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa tun ba a je ko'ina ba. Da Yaya ya tambaya, maigida ya ce damina ce, laka ta yi yawa. Damina ta wuce, hanya ta bushe, duro bai daina saurin ƙarewa ba.

A lokacin, ajinmu na mata na yaƙi da jahilci a tsakar gidana ake yi, da la'asar, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Cikin masu zuwa akwai wata ƙawata Bagwariya, Kirista, da ke wata tunga a bakin daji ta hanyar Damari. Ranar kasuwa takan zo da doya a kafaɗa, ta sayar, ta tsaya a yi karatu da ita, in za ta tafi in cika mata kwalba da man gyaɗan da nake yi. Mace ce mai dariya, Hausarta da ɗan karkace, kuma duk ajin ba wanda ya kai ta kyan rubutu.

Wata rana ta fito daga gidana da kwalba a hannu, sai ta tarar da Yaya a zaure. Ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar, ya cire totuwar da aka toshe bakinta da ita, ya sansana. A gaban mutane. Ya ji man gyaɗa ne, ya mayar mata, amma bai ji kunya ba. Cewa ya yi, "Yau dai na gyaɗa ne."

Da yamma ya sa aka kira ni bakin zaure. Tsakanina da yayan miji akwai kunya, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Na durƙusa daga ciki, shi yana waje tare da abokan hirarsa, maigida yana gefe yana kallon ƙasa.

"Uwar yara," in ji Yaya, "ba cewa na yi kin yi wani abu ba. Amma gida ya zama kasuwa, mata na shiga da fita da kwalabe, mai kuma yana tafiya. Injin nan an tabbatar mini ba ya sha. To, wa yake sha? Kawo makullin in riƙe, kowa ya huta."

Na jira maigida ya yi magana. Shi ne yake tsoma sandar nan safe da yamma. Shi ne yake ce mini in ƙaro. Kalma ɗaya ta ishe ni. Ya yi ta kallon babban yatsan ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsa. Na kwance makullin daga bakin zane, na ajiye a kan tabarma, na ce, "To, Yaya."

A ɗaki na tambaye shi, a hankali, don yara na kusa. "Malam, me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Yaya ne ya zaɓi injin," in ji shi. "In ce masa an cuce shi, a gaban mutane? Ki yi haƙuri, maganar za ta wuce."

Wato mutuncin inji da mutuncin Yaya sun fi nawa nauyi. Maganar kuwa ba ta wuce ba. Kafin mako ya zagayo, a bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Aka mayar da ajin wani gida. Ƙawata ta daina biyowa ta layinmu. Wata makwabciya ta turo a tambaye ni, da gaske take kuma, ko ina da ragowar fetur na sayarwa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba tun tasowata, sai ga shi a garin da aka aurar da ni ana kallon hannuna.

Yaya ya koma shi yake buɗe ɗakin mai da kansa. Kuma da yake ya san awon da, shi yake bayarwa, ba ƙari. Ya tsaya a kan maigida har sai ya ga sanda ta jiƙe daidai tsaga, sannan ya danna kwaɗo. Daga baya na gane maigida yakan ranci mai a wurin direbobin tasha a ɓoye ya cike giɓin. Ya gwammace haka da ya buɗe baki.

Sai 'yar Yaya da ke aure a Damari ta haihu, aka sa ranar suna. Duk gida za a je, har da shi. Da safe Yaya ya auna mai da hannunsa har tsagar sama, ya shige gaba ya zauna tun kafin a gama ɗora kaya, don haka maigida bai sami damar leƙawa tasha ba. Mu mata muna baya, a kan tabarmi, da ƙoren fura da atamfofi. Na lura gumi yana keto wa maigida tun ba mu bar gari ba.

An yi suna lafiya. Bayan azahar muka juyo, an ƙara mana buhun masara da rago guda da surukai suka ba Yaya. Akwai wani rafi da ya ƙafe a hanya, yashi ne zalla mai zurfi, dole sai an sa ƙaramar giyar nan ta daji da ke sa ƙafa huɗu su ja tare. Injin ya yi ta kururuwa, ya fitar da mu daga yashin da ƙarfinsa, wannan ba zan hana masa ba. Muka ɗan taɓa gaba cikin itatuwa, sai ya yi shaƙuwa, ya sake yi, ya yi shiru. Sai kukan tsuntsaye da na ragon.

Maigida ya sauko, ya zaro sanda ya tsoma. Ta fito a bushe, ko ƙarshenta bai yi duhu ba.

Yaya ya karɓa ya tsoma da kansa. Ya tattare babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashin mota yana neman yoyo, ya bi sawun taya da ido ko zai ga ɗigo a ƙasa. Babu. Ya miƙe ya ce wataƙila zafin rana ne ya shanye. Ya ce ko a Damari wani ya zuƙe muna cikin gida. Maigida ya tuna masa cewa a ƙofar gidan aka ajiye motar, a inda shi Yaya ya yini zaune yana karɓar barka. Ina zaune a baya, ina hango makullin nan yana lilo a igiyar wuyan Yaya.

"Injin ne, Yaya," in ji maigida a ƙarshe. "Tun ranar da aka sa shi. An yi shi ne don gudu a kwalta. Giyar motar nan gajeriya ce, sai ya yi ta juyawa da sauri yana sha, mu kuma muna rarrafe. Ga nauyinsa. Tsagar Damari yanzu da ƙyar take kai mutum Damari da rabin dawowa."

"Kuma ka sani?"

"Na sani."

Wanda aka bai wa haƙuri a dajin nan shi ne Yaya. Maigida ya yi ta ba shi haƙuri a kan ya ɓoye masa. Ni ba wanda ya waiwayo ya dube ni.

Tungar da ta fi kusa ita ce ta su ƙawata, don haka can muka taka da ƙafa, Yaya na gaba yana jan rago. Ta fito daga gona ta gan mu, ta dubi ƙurar da ke ƙafafunmu. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ta sa aka ara wa maigida keke ya tafi gari ɗauko mai. Sai da Yaya ya ciro makullin daga wuyansa ya miƙa masa. Sannan ta kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa wa Yaya da hannu biyu.

"Ka sansana tukuna, Alhaji," in ji ta.

Ya shanye bai ɗago ba. Ita kuwa ta zo ta zauna kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa, muka yi ta ɓare gyaɗa har maigida ya dawo da garwa ɗaure a bayan keke.

Washegari da safe na tarar da makullin a kan murfin tukunyar ruwata. Maigida ya ce Yaya ya ce in ci gaba da riƙewa. Na ɗauka na kai zaure na rataye a ƙusa. Na ce masa a nan aka karɓa, a gaban mutane, da magana. In za a mayar, a tara mutanen nan a mayar da magana. Ban ɗaga murya ba, ban kuma sake maimaitawa ba.

Yaya bai taɓa yin maganar ba. Ya aiko mini da turmin atamfa da sallah, na yi godiya na ɗinka wa yara. A tasha kuwa ya riƙa cewa bakaniken Kaduna ne ya yaudare shi, ana taya shi jaje. Tsohon injin an riga an sayar wa masu niƙa, babu halin mayarwa, sai maigida ya juya sandar ya yi sabbin tsaga a ɗaya gefen, can sama da na da. Makullin ya zauna a ƙusar nan, duk mai bukata ya ɗauka ya mayar, har ranar da aka gaji da ciyar da motar aka sayar da ita.

Waɗanda suke cikin motar ranar sunan sun san gaskiya, ƙawata ma ta sani. Amma labarin karɓe makulli ya zaga gari, na tsayawar mota kuwa a bakin direbobi ya tsaya, abin dariya ne kawai a wurinsu. Bara waccan, a wani biki, wata tsohuwa da ban gane ba ta riƙe hannuna tana ta ƙoƙarin tuna inda ta san ni. Can fuskarta ta washe ta ce, "Ashe ke ce. Wadda aka taɓa karɓe wa makullin ɗakin mai."

Na ce, "Ni ce." Na gyara wa jikata ɗankwali, na ci gaba da raba waina.