Sigarin Yaya

Ranar da aka kama ɗan yayana da sigari bayan ajin makarantarsu a Faskari, Yaya ya zane shi da igiyar ɗaure akuya har ya kasa zama. Daga nan ya yanke hukunci: karatu ya ƙare, ran kasuwa za a sa shi a mota zuwa gonar kawunmu a Sabuwa. Yaron da shekara ɗaya ta rage mashi ya gama sakandare! Na ce wallahi ba da ni ba.

Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin ban daɗe da dawowa daga wani horo da aka yi mana a Kankara ba, kan yadda za a koya wa yaro ya gane abin da ke cin zuciyarshi, ya faɗe shi da baki kafin ya kai shi ga aikin banza. Da na dawo mutanen gidanmu sun sha yi mani dariya, wai an kai ni birni an koya mani lallashi. Ban kula su ba.

Na kira yaron ɗakina, na ba shi fura, ban yi mashi faɗa ba. Na dai tambaye shi me yake ji a ƙirjinshi duk lokacin da ranshi ya biya sigari. Ya ce haushi. Na ce to wa ya fara ba ka? Na ɗauka abokai zai ambata. Sai ya ce Baba.

Ashe Yaya, Alhaji guda mai sahun gaba, yana sha a ɓoye bayan rumbu. Ba ya yawo da ashana don kada a gani a aljihunshi, ba ya zuwa wurin mai tebur don kada a ce an ga Alhaji. Tun yaron yana firamare yake aikenshi ya sayo kara ɗaya, ya kunna a can wurin mai tebur, ya biyo ta lungu. Sigari kuwa in ba a zuƙa mutuwa take yi a hanya, kuma in ta mutu duka ne. Haka yaron nan ya riƙa zuƙa don tsoron ubanshi har ta kama shi. Raina ya ɓaci.

Na samu Yaya a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, sannan na ce, "Yaya, kai ka kunna mashi, kai ka dake shi, yanzu kuma kai za ka raba shi da karatu? Ka taɓa shi, ni kuma in faɗa wa liman dalili." Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji, na yarda. Ya daina amsa gaisuwata, amma ran kasuwa ta zo ta wuce mota ba ta tafi da kowa ba.

Barin bai zo da sauƙi ba. Kullum da la'asar yaron yakan zo ya faɗa mani abin da ya ji ranar, ko haushi, ko kunya, ko kaɗaici, yana tauna asuwaki kamar zai cinye. Ya koma sha, ya zo da kanshi ya faɗa, muka sake farawa.

Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida na ji Yaya ya kira ƙaramin ɗanshi, ɗan aji uku, ya raɗa mashi aike. Kafin in miƙe, babban ya riga ya tare ƙofa. Ya riƙe hannun ƙanenshi.

"Baba, ka dake ni in kana so. Amma shi ba zai je ba."

Yaya ya dube shi, ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Ya ɗauki hularshi ya fita zuwa wurin mai tebur, da ƙafarshi.