Huɗu ga Goma ko Goma ga Huɗu

Mun tashi daga Tawa ana idar da sallar asuba, ni da shofer da wata abokiyar aiki, da wasiƙa a aljihuna. Ta dakatar da majon Takanamat ce daga aiki, wato shugaban ɗakin shan magani na garin. Laifinsa, in ji ordinatar ɗin buronmu, wato kwamfutar ofis, ya yi wa yara rigakafi a watan Yuni da maganin da wa'adinsa ya ƙare tun goma ga Afrilu.

Injinan namu biyu ne, haɗe da waya, abin da aka saka a ɗaya sai ya bayyana a ɗayan. Guda daga Faransa ya zo, guda kyautar wasu Amurkawa ne. Mu kuwa abin da suka faɗa ya zauna.

Kwalta ta yi mana sallama da wuri. Ruwan shekaranjiya ya jiƙa hanya, sau biyu muna sauka mu tura mota. A Afala muka tsaya shan fura da cuku. Tun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, fura ma ta koyi tsada. Na tambayi mai furar ko daga Faransa ake kawo geron, ta ce a'a, amma sabulun wanke ƙwaryar daga can yake. Na biya muka wuce.

Sauran hanyar zargi muka sha. Shofer ya rantse majo ya sayar da mai kyaun ne. Abokiyar aikina ta ce ai ba jam'iyyarsu ɗaya da darektanmu ba, kujerar majon ake nema. Ni duka na zarga, har shofer ɗin, don yawan kallon da yake wa jarkar isansi, wato fetur, bai kwanta mini ba.

Da hantsi muka iske majo, dattijo siriri, mata sun cika benci da goyo. A nan na tafka wautar da har yau take cina: don a san Tawa ba ta wasa, na karanta wasiƙar da ƙarfi, na kuma fassara ta da Hausa.

Ya ce, "Yallaɓai, wanga magani bai mutu ba. Taho ka gani."

Ya buɗe firigonsa, firijin magani mai aiki da kananzir, ya ciro kwali. Ga shi ɓaro-ɓaro, huɗu ga Oktoba. Rajistarsa ma haka. "Ni sunan wata nika rubutawa," in ji shi, "lamba ku ka son ta." Na ce a raina, tsohon nan ya iya shiri, kwali ai ana sake shi. Kafin mu fito, benci ya zama wayam.

A hanyar dawowa abokiyar aikina tana ta bin jerin magungunan da injin ya ce sun lalace. Can ta ɗago. "Wai shin magani ba ya mutuwa ran ashirin ga wata? Duk waɗanga ba wanda ya wuce sha biyu."

Mun shiga Tawa ana shirin rufe buro. Na nemi kowane inji ya nuna mini kwanan watan ranar. Na Faransa ya rubuta 08/07, na Amurka 07/08. Ashe ɗaya rana yake sawa gaba, ɗayan wata. Sakatare ya saka 4/10 a na farko, na biyun ya karanta shi goma ga watan huɗu. Kafin mai gadi ya sauke shayin farko an daidaita su.

An janye wasiƙar, an aika wa majo wata ta ban haƙuri. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai yi mini daɗi ba: daga shofer har darekta ba wanda ban zarga ba, injin kaɗai na ƙyale, don shi ba ya da jam'iyya.

Jiya shofer ya dawo daga Takanamat da amsar majo. Ya ce ranar rigakafi ta zo ta wuce, benci ba kowa, ga ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan kusa. "Ka ce mai, takarda ta iso, na gode. Amma matan ba su karatu. Abin da sunka ji daga bakinai, shi sunka riƙe."